Jarida da Mai Karanta wa Jama'a: Sharhi a kan Tsarin Shafi a Jaridun Hausa

1.0 GABATARWA

Mafi yawan takardun da akan gabatar a tarurruka irin wannan game da jaridun Hausa sukan tsaya ne a kan abin da jarida ta faɗa, watau ra'ayinta da siyasarta da irin Hausar da take fassara labaru da ita. Ba safai akan waiwayi yadda aka shimfiɗa maganar a bisa takarda ba. Wataƙila ana ganin wannan aikin masu ɗab'i ne, bai shafi manazarta harshe ba. Mu kuwa a ganinmu, harafin da aka zaɓa, da faɗin layi, da wurin da aka yanke kalma, da yadda aka gina kanun labari, duk suna cikin ma'ana, domin ta kansu maganar marubuci take bi kafin ta isa ga mai karatu. Waɗannan abubuwa su muke nufi da tsarin shafi a cikin wannan takarda. Dogayen gidajen nan kuwa da akan raba shafin jarida da su daga sama zuwa ƙasa, za mu riƙa kiran su sahu don sauƙin bayani.

Abin da muke so mu tabbatar guda ɗaya ne. Jaridar Hausa, tun ran da aka fara ta, mutum ɗaya ke ɗaga murya ya karanta, jama'a su kasa kunne. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna shafinta da shi shi ne bakin wannan mai karanta wa jama'a. Inda ya wuce sumul, shafi ya yi aikinsa. Inda ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ya sake, to akwai aibi a wurin, ko da shafin ya ƙayatar da ido. Misalan kanun labarai da za mu kawo namu ne, mun ƙirƙire su a kan irin abin da muke gani yau da kullum, ba mu ɗauko su daga wata jarida takamaimai ba.

2.0 WANE NE MAI KARATUN?

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu na 1939, a ƙarƙashin kulawar Dokta R. M. East, Malam Abubakar Imam kuma shi ne editanta. Mu mutanen Katsina muna da rabo a cikin wannan tarihi, domin a Kwalejin Katsina Malam Abubakar ya yi karatu, a Midil ta Katsina kuma ya koyar kafin ya koma Zariya. Da farko sau ɗaya a wata take fitowa, kuɗinta kuma yana cikin sunanta. A wancan zamani masu karanta boko ba su taka kara sun karya ba, don haka kofi ɗaya yakan isa unguwa guda, malamin makaranta ko akawun En'e ya karanta, sauran jama'a su saurara.

A 1941 aka soma haɗa jaridar da wasu 'yan takardu na ajami waɗanda ake kira 'Yar Gaskiya, domin waɗanda suka yi karatun allo amma ba su san boko ba. A ganinmu wannan ita ce shawara mafi kyau da aka taɓa yankewa game da tsarin jaridar Hausa, domin an dubi mai karatu tukuna, sa'an nan aka zaɓi harafi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Da aka shiga shekarun 1950, aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie yake cikin jagororinsa, sai hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu: Himma ta Lardin Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, da sauransu. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo labarin wannan zamani a cikin Hausa a Rubuce (1988). An yi waɗannan jaridu ne domin magidancin da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci jiya-jiya, wanda har yanzu yake bin layi da yatsa, yana furta kowace gaɓa. NORLA ta rushe a 1959. Daga baya Kamfanin Triumph na Kano ya fito da Albishir cikin boko da Alfijir cikin ajami a farkon shekarun 1980, Kamfanin Concord ya yi Amana, Kamfanin Media Trust kuma ya fara Aminiya a 2006. Ita kuwa uwar tafiya, Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta daina fitowa a 'yan shekarun da suka biyo bayan 2010, tare da 'yar'uwarta New Nigerian.

Wani zai ce ai wancan mai karatu ya shuɗe, yanzu kowa da karatunsa. Wanda ya ce haka ya zo nan Ƙofar Durɓi bayan la'asar ya zauna a kowace majalisa ko teburin mai shayi. Takarda ta yi ƙaranci ƙwarai, gaskiya ne, amma al'adar tana nan: saurayi ɗaya riƙe da waya yana karanto labari, dattawa suna cewa ya maimaita. A cikin gidaje ma haka ne, ɗalibar sakandare ke karanta wa iyayenta mata. Kuma har wanda yake karatu shi kaɗai, in dai Hausa ce, mafi yawa za ka ga leɓɓansa suna motsi, domin makaranta ta horar da shi karatun zuci cikin Ingilishi ne, ba ta horar da shi cikin Hausa ba. Wannan laifinmu ne mu malamai gaba ɗaya, amma magana ce ta wani taron.

3.0 HARUFFA MASU ƘUGIYA

A nan za mu daɗe, domin a nan ɓarnar ta fi yawa.

Rubutun boko ya sha gwaje-gwaje kafin ya zauna. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fito da ƙa'idojinsa a 1912. An gwada ɗige-ɗige, an gwada 'yar waƙafi a gefen harafi, har dai a cikin shekarun 1930 aka tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya, waɗanda aka samo daga jerin haruffan da Diedrich Westermann da abokan aikinsa suka tsara wa harsunan Afirka. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da taron Yamai na 1980, duk sun zauna a kan ƙa'idojin rubutun nan, ga shi kuma har yau ƙugiya tana nan daram a Nijeriya da Nijar. Abin lura kuma shi ne, tun kafin boko malaman ajami sun ware wa ɗ da ƙ haruffansu. Ashe bambancin ba ƙaƙale ba ne na Turawa, kunnen Bahaushe ne ya ji shi.

To amma duk wanda yake bin jaridun Hausa ya san yadda ƙugiya take ɓacewa, musamman a kanun labarai, inda ake amfani da manyan haruffa masu kauri waɗanda sau da yawa ba a zana musu ƙugiya ba. Sunan unguwarmu ma bai tsira ba. Ƙofar Durɓi ƙugiya biyu gare ta, ɗaya a Ƙofa, ɗaya a Durɓi, sunan da yake komawa ga Durɓawan da tarihin baka ya ce sun mulki Katsina kafin Muhammadu Korau. A takarda sai ka ga Kofar Durbi, har yara sun soma furta ta yadda suka gan ta. Wannan dai asarar lafazi ce kurum. Ga inda ma'ana take salwanta:

Fada ya barke a fada
An kai kara gaban alkali
Baki sun cika gari
Taro ya kare lafiya
Sojoji sun kare kauyen

Na farko da na biyu da na uku, mai karatu zai yi tuntuɓe sau ɗaya ya gyara, jama'a su yi dariya. Na huɗu yana da fuska biyu, ko an tashi taro lami lafiya, ko kuwa taron ya yi wa kiwon lafiya kariya. Na biyar ba abin dariya ba ne. A jihar da mutanen karkara suke kwana da fargaba, tsakanin sun kare ƙauyen da sun ƙare ƙauyen akwai rayukan mutane, kuma abin da ya raba su ɗan lanƙwasa ne a kan harafi ɗaya. Mai karanta wa jama'a dole ya zaɓi ɗaya kafin ya ga cikin labarin, abin da ya furta kuwa shi wani zai ɗauka ya kai kasuwa.

Akwai hujjar da akan kawo, kuma ya kamata mu yi mata adalci. Akan ce Bahaushe ya san harshensa, muhallin magana zai nuna masa abin da ake nufi. Ban da haka ma, ai rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, kuma ba a fasa karatu ba. Rabin farko na wannan hujja gaskiya ne ga ƙwararren mai karatun zuci, wanda idonsa yake riga bakinsa da kalma uku ko huɗu. Rabi na biyu kuwa, in aka duba da kyau, hujja ce a kan masu kawo ta. Tun da boko ya riga ya ɗora wa mai karatu kaya biyu, watau ya cinci tsawon wasali ya kuma cinci karin sauti, ina dalilin ƙara masa na uku? Mu ɗauki kalmar da aka rubuta fada. In ana kiyaye ƙugiya, mai karatu ya san gidan sarki ake nufi. In ba a kiyayewa, sai ta zama ko gidan sarki, ko rikici, ko furta magana, ko afkawa cikin rijiya. Haka kasa: ga gazawa, ga rarrabawa kashi-kashi, ga macijin nan mai barci, sa'an nan a ƙara musu ƙasa da aka tuɓe wa ƙugiya. Wanda aka ba Gwamnati ta kasa kasa gida uku ya karanta a gaban dattawa, ba a yi masa adalci ba.

Abin da ya fi rashin ƙugiya muni shi ne sa ta wani wuri a bar ta wani wuri. Jaridar da ba ta sa ƙugiya sam, mai karatu ya san halinta, yana tafe yana hattara. Wadda take sawa a cikin labari ta bari a kanu, ko ta sa a shafin farko ta manta a shafi na biyar, ta hana shi amincewa da harafin da ba shi da ƙugiya. In ya ga kare, ba shi da hanyar sanin ko k ce ta gaskiya ko ƙ ce da aka yi wa aski.

A zamanin dalma akwai uzuri. Sai an yi odar haruffan musamman daga waje, kuma keken rubutu na ofis ba shi da su, shi ya sa akawu yakan bi takarda da biro yana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka Kamfanin Gaskiya ya buga littattafai da jarida da ƙugiyoyinsu. A cikin shekarun 1980 an yi aikin zana haruffan bai ɗaya domin harsunan Nijeriya, wanda mashahurin mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki. Tun farkon shekarun 1990 kuma tsarin Unicode, wanda kwamfutoci da wayoyin duniya suke bi, ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ gurabensu, manya da ƙanana. Uzuri ya ƙare. Jaridun Faransa ba su zubar da alamomin da ke kan wasulansu, na Turkiyya ba su haɗa i mai ɗigo da maras ɗigo. Maƙwabtanmu Yarbawa, waɗanda suka riga mu jarida tun Iwe Irohin ta 1859 a Abekuta, suna fama da irin ciwonmu game da ɗigon ƙarƙashin harafi, sai dai ciwon wani ba ya zama maganin namu.

Akwai kuma 'yar ƙaramar matsala ta 'y. A Nijeriya muna rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri, a Nijar kuwa ƴaƴa suke rubutawa da harafi guda. Na'ura takan ɗauki alamar da ke farkon 'yan a matsayin buɗe zance, ta juya ta, sai mai karatu ya yi ta neman inda aka rufe zancen bai samu ba. Jaridar da take son a karanta ta daga Katsina har Maraɗi, ta hanyar Jibiya, ya kamata ta zauna ta yanke shawara a kan wannan, ta kuma tsaya a kan abin da ta yanke.

4.0 SAHU DA YANKAN KALMA

Jaridunmu sun gaji siririn sahu daga jaridun Ingilishi ba tare da tambayar ko ya dace da Hausa ba. Hausa tana da kalmomi masu ninki, irin su shirye-shiryen da tafiye-tafiyensu da gyaggyarawa, waɗanda ɗaya takan cinye rabin layi. In aka matsa su cikin siririn sahu, kuma aka ce dole bakin layi ya daidaita dama da hagu, abu biyu ke faruwa: ko a bar manyan gibba tsakanin kalmomi, ko a yanke kalma.

Gaɓar Hausa ba ta da wuyar ganewa. Baƙi da wasali ne, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Sai dai akwai sautuka guda-guda da muke rubutawa da haruffa biyu, kamar sh da ts da ky da gw da ƙw. Na'urar da aka saita da ƙa'idar Ingilishi ba ta san wannan ba. Ita ce take raba sunan garin nan Kat- a ƙarshen layi, sina a farkon na biye, alhali Ka-tsi-na ne. Haka take yi wa dutse da gashi da tsuntsaye. Mai karatu ya riga ya furta t kafin idonsa ya sauko ya tarar da s, dole ya koma. Magani a nan mai arha ne: a faɗaɗa sahu, a rage yawansu a shafi, a bar bakin layi na dama ya tafi yadda ya ga dama, a hana na'ura yankan kalma gaba ɗaya.

Gibban nan da muka ambata suna da wata illa da ta keɓanta ga Hausa, domin a rubutunmu fili tsakanin kalmomi yana ɗauke da nahawu. Ya yi dabam, yayi dabam. A kan dabam, akan dabam. Ma su dabam, masu dabam. In layi ɗaya ya matse har fili ya kusa ɓacewa, na biye kuma ya wage, ido ba ya iya dogara da filin. In kuma marubucin da kansa bai kiyaye rabawa ba, ga ƙugiya babu, sai a sami irin Gwamna ya bata kudi. Ko dai ya ba wata baiwar Allah kuɗi, ko ya ɓata dukiyar jama'a. Ɗaya yabo ne, ɗaya kuwa magana ce ta kotu.

5.0 KANUN LABARAI

Kanun labari shi ne abin da kowa yake ji, domin mai karanta wa jama'a yakan bi kanu ne yana jiran a ce masa tsaya, karanta mana wannan. A nan ne kuma kwaikwayon jaridun Ingilishi ya fi fitowa fili.

Abu na farko shi ne ajiye mai magana a ƙarshe, bayan ɗan karan layi:

Taki zai wadata bana — Kwamishina

Ido yana ganin layin gaba ɗaya, ya san da'awa ce ta wani. Kunne kuwa bi da bi yake karɓa. Kafin a kai ga Kwamishina, manomi ya riga ya ji taki zai wadata bana a matsayin labari tabbatacce daga jarida, karan layin kuma ba shi da sauti, sai kalmar Kwamishina ta faɗo ita kaɗai ba a san abin da ta zo yi ba. Hausa ba ta rasa hanya ba. Ana iya cewa Kwamishina ya ce taki zai wadata bana, ko a ƙare da in ji Kwamishina. Kalma biyu ce ƙari. Har ma muna da wai, wadda take nisanta mai ba da labari daga abin da yake faɗa, ko da yake mun san dalilin da ya sa editoci suke tsoron ta a gaban maganar manya. Ma'aikatan rediyo, tun daga Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 har zuwa gidajenmu na jiha, sun daɗe da gane cewa mai magana ake fara ambata, domin su da kunne suke ciniki. Abin mamaki ne a ce jarida, wadda ita ma a kunne take ƙarewa, ba ta koya daga gare su ba.

Haka nan ɗigo biyu da ake sawa bayan kalmar farko, kamar Taki: Manoma sun koka. In aka furta shi sai ya fito taki manoma sun koka, wanda ba jimla ba ce a Hausa. Manoma sun koka kan taki bai fi shi tsawo ba.

Abu na biyu shi ne fara kowace kalma da babban baƙi. A Hausa babban baƙi yana da aiki, shi ke raba sunan yanka da gama-garin suna, mu kuwa a Jihar Katsina garuruwanmu da yawa sunayensu kalmomi ne na yau da kullum: Rimi, Dutsi, Mashi, Ɓaure, Zango, Ƙanƙara. In aka rubuta Wuta Ta Cinye Rimi, itace ne ya ƙone ko gari? In aka ce Ƙanƙara Ta Hana Noma, ruwan ƙanƙara aka yi ko hukumar Ƙanƙara ce ta kafa doka? Da an bar babban baƙi a inda ƙa'ida ta ajiye shi, da tambayar ba ta taso ba. Ban da haka, Hausa cike take da ƙananan kalmomi, a da da da na da ta da ya, waɗanda in aka ɗaga kansu duka sai layi ya zama kamar shingen kara.

Abu na uku gajerun sunayen hukumomi ne da alƙaluma. Kanu mai ɗauke da INEC ko EFCC ko NDLEA yana tilasta wa mai karatu ya sauya harshe a tsakiyar jimla, alhali hukumar zaɓe ta ishe shi. Magabata sun fi mu ƙoƙari a nan. Sunan Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda akan jingina ƙirƙirarsa ga Malam Abubakar Imam, ya zauna a bakin kowa. Shi kuwa N2.5bn babu Bahaushen da zai furta shi yadda aka rubuta. Naira biliyan biyu da rabi ake cewa, kuɗi a gaba, adadi a baya, to a rubuta naira biliyan 2 da rabi mana.

6.0 CI GABA A SHAFI NA KAZA

Ba za mu daɗe a nan ba. Al'adar fara labari biyar a shafin farko a ƙarasa su a ciki an yi ta ne domin mai saye ya ga kaya da yawa a teburin dillali. A majalisa kuwa jarida rarraba ta ake yi, wannan ya ja shafin wasanni, wancan ya ja na tsakiya. In mai karatu ya kai ga ci gaba a shafi na 2, sai a tarar shafin yana hannun wani, ko ya tafi masallaci da shi a aljihu. Labarin da ya fi muhimmanci ya kamata ya ƙare a inda ya fara, ko da za a rage yawan kanun shafin farko.

7.0 DA JARIDA TA KOMA CIKIN WAYA

Yanzu mafi yawan labarin Hausa a fuskar waya ake karanta shi, kuma da mun zaci wasu daga cikin matsalolin nan za su kau da kansu. Siririn sahu da yankan kalma sun ragu, gaskiya ne. Amma ci gaba a shafi na kaza ya dawo da sabuwar riga: sakin layi biyu, sai talla, sai kanun wani labari dabam da aka cusa a tsakiya ba tare da wata alama mai ƙarfi ba. Mai karatun zuci yakan tsallake. Mai ɗaga murya sau da yawa sai ya karanta kanun baƙon labarin a cikin na farko kafin ya farga, masu sauraro su haɗa mutumin wannan labari da laifin wancan. Ga kuma hotuna masu nauyi da suke cinye kuɗin data kafin rubutu ya bayyana, a wurin da saurayin da ke karatun da kuɗinsa ya saya.

Ƙugiya ma ta sami sabon ciwo. In haruffan da jarida ta zaɓa ba su da ƙ, waya takan aro ta daga wani zubin haruffa, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo ko siranta a tsakiyar kalma, wani lokaci ma ɗan akwati ne zai fito a gurbinsa. Wannan ya sa wasu suke ganin gara a bar ta. Amma akwai zubin haruffa na kyauta masu ɗauke da dukan haruffan Hausa, har ma an zana wa ajami irin na Kano nasa, mai suna Alkalami. Allon rubutun Hausa kuma yana cikin wayoyin da ke hannun ɗalibanmu. Gwajin da edita zai yi kafin ya amince da kowane zubi bai wuce minti ɗaya ba: ya rubuta Ɓaure da Ɗanja da Ƙanƙara da manyan baƙaƙe da ƙanana, da kauri da siriri, ya duba a ƙaramar waya mai arha irin wadda ake sayarwa a kasuwa.

Hujja ta ƙarshe da muke ji ita ce ta bincike. Akan ce mai neman labari kasa zai rubuta, ba ƙasa ba, in jarida ta sa ƙugiya ba zai same ta ba, masu karatu su ragu, talla ta ragu. Wannan damuwa ce ta gaske, domin jarida da kuɗi take rayuwa, mun kuma ga yadda rashinsu ya kwantar da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sai dai gyaran yana wajen na'urar binciken. Ana iya saita ta ta ɗauki k da ƙ, da d da ɗ, da b da ɓ a matsayin abu ɗaya lokacin nema, ta kuma nuna labarin da ƙugiyarsa lokacin karatu, kamar yadda ake yi wa wasulan Faransanci masu alama. Aikin ma'aikaci ɗaya ne, sau ɗaya. Abin da ba na sau ɗaya ba shi ne mai duba rubutu kafin a saki labari, wanda ya san ƙa'idar rabawa da haɗawa, aka kuma ba shi izinin ya mayar wa edita da kanu. Kwalejojin ilimi suna yaye masu takardar NCE a Hausa kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki, kuma wannan ƙa'ida tana cikin abin da muke koya musu tun shekarar farko.